Manhajar kwaikwayon ƙwayar sola da zafin Sakkwato: inda lissafi yake kaucewa

Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannunsa a kan farantin sola da azahar a watan Afrilu a Sakkwato ya san ba a daɗewa ake janye shi. Iskar gari takan kai digiri 42, wata rana ta wuce, amma farantin da ke shan rana ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Lissafin ba shi da wuya. Kamfanoni sukan rubuta a takardar faranti cewa ƙwayoyinsa, wato ƙananan yankunan da ke mayar da haske wutar lantarki, na kaiwa kusan digiri 45 idan iska tana digiri 20, haske kuma yana wat 800 a kan kowace murabba'in mita. Ƙarin digiri 25 ke nan a hasken 800, wato kusan 31 a hasken 1000. Ɗora 31 a kan 42, ka sami 73. Da wannan zafin ƙwayar sola take aiki a saman kwanon gida a Mabera ko Runjin Sambo.

Manhajar da ɗaliban kimiyyar fiziks da injiniyanci suka fi buɗewa don kwaikwayon ƙwayar sola, wato lissafa aikinta a kwamfuta, mai suna SCAPS-1D, kuwa tana farawa ne da zafin kelbin 300, kusan digiri 27, kuma da yawa ba sa taɓa wannan lambar har su kammala aikinsu. Ƙwayar da suka zana a allon kwamfuta ba ta taɓa kwana a Sakkwato ba.

Wannan ba kushe wa kwaikwayo ba ne. Haɗa ƙwayar sola ta gaske yana buƙatar ɗaki marar ƙura, injin shimfiɗa sinadari a inda aka zuƙe iska, da wutar da ba ta yankewa tsakiyar aiki. Garin da yake da Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yake kuma da rana irin wannan, ya cancanci a yi binciken ƙwayar kanta a cikinsa, ba shigo da faranti kawai ba, kuma kwamfutar hannu ita ce ƙofa mafi arha zuwa wannan ilimi. Sai dai manhaja ba ta musu da mai ita. Lambar da ka ba ta, da ita za ta yi aiki, ko da babu wani sinadari a duniya mai wannan halin.

Abin da take lissafawa

Ƙwayar sola semikondakta ce, abu mai hali tsakanin ƙarfen da wuta ke bi da robar da ke tare ta. Kowane semikondakta yana da giɓin makamashi, wato mafi ƙarancin ƙarfin da ake buƙata don ɓalle ilektiron daga mazauninsa. Ana auna shi da eV, ma'aunin makamashin ilektiron. Na silikon 1.12 eV ne, na wasu semikondaktocin kuma, GaAs 1.42, CdTe kusan 1.5. Ɗigon hasken da ƙarfinsa ya haura giɓin yakan ɓalle ilektiron ya bar gurbi a bayansa, gurbin nan kuma yana yawo kamar mai ɗauke da caji kishiyar na ilektiron. Aikin ƙwayar shi ne ta raba su, wannan ya fita ta gaba wancan ta baya, kafin ilektiron ya sake faɗawa wani gurbi a yi asarar hasken.

Lissafi uku manhajar ke warwarewa tare. Na Poisson yana faɗin yadda cajin da ke ciki ke haifar da filin lantarki. Sauran biyun kamar littafin ɗan kasuwa suke, ɗaya na ilektiron ɗaya na gurbi: nawa haske ya samar, nawa suka hallaka, nawa suka wuce gaba. Da yake kowanne ya dogara da amsar ɗan'uwansa, ba a warware su da alƙalami. Manhajar takan yanka kaurin ƙwayar zuwa ɗigo-ɗigo kamar raga, ta yi hasashen farko, ta gyara, ta sake gyarawa, har amsa ta daina motsi. Hanyar da Gummel ya fitar a 1964, da wadda shi da Scharfetter suka ƙara a 1969, su ne har yau ƙashin bayan yawancin waɗannan manhajoji.

SCAPS-1D, wadda Marc Burgelman da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Gent ta Beljiyam, ita ce ta fi yaɗuwa a wajenmu, don kyauta ake ba da ita kuma tsohuwar kwamfuta mai Windows tana ɗaukarta. Tana karɓar shimfiɗu har bakwai, an kuma gina ta ne tun asali don siraran ƙwayoyin CdTe da CIGS. PC1D ta fi dacewa da silikon mai kauri, AFORS-HET ta Balin an yi ta don ƙwayar da ke haɗa nau'in silikon biyu, akwai kuma AMPS-1D da 'yarta wxAMPS. Duk waɗannan layi ɗaya suke kallo, daga fuskar ƙwaya zuwa bayanta. Masu kallon tsawo da faɗi da zurfi, irin Silvaco ATLAS da Sentaurus, lasisinsu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Lamba ɗaya da ke juya komai

A ɗauki ƙwayar ferobskait, wani sinadari mai shan haske, wadda ta zama abin yayi tun da masu bincike a Japan suka sami ingancin kashi 3.8 da ita a 2009, wato kason hasken da take mayarwa wuta, yanzu kuma ta haura kashi 26 a ɗakin gwaji. Yadda aka saba jera ta: gilashi mai shafin FTO, wanda wuta ke bi haske kuma ke ratsawa, siririyar shimfiɗar sinadarin TiO2 mai jan ilektiron, ferobskait ɗin mai kaurin nanomita 400 zuwa 500 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), shimfiɗa mai jan gurbi, sai zinare a baya. Kowace shimfiɗa tana neman lambobi fiye da goma. Amma inda gizo ke saƙa shi ne yawan tabo, wato wuraren da ginin ƙwayoyin zarra ya sami tangarɗa, inda ilektiron ke maƙalewa har gurbi ya tarar da shi. Shockley da Read da Hall ne suka bayyana wannan hanyar asara a 1952.

Tsawon ran ilektiron ana samunsa ne da raba ɗaya da ninkin abu uku: faɗin bakin tabon da ke kama shi kamar tarko, gudun ilektiron, da yawan tabon. Lambobin da aka fi sawa su ne 1E-15 na faɗin baki da 1E7 na gudu. Idan tabo 1E15 ne a kowace santimita kubik, wato ɗaya da sifili 15 a gabansa, ran ilektiron nanosakan 100 ne (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Da saurin motsi na 2, zai iya yin tafiyar kusan nanomita 720 kafin ya hallaka, ya ishe shi ƙetare shimfiɗa mai kaurin 450. Ƙara tabon zuwa 1E17, rai ya koma nanosakan 1, tafiya ta koma nanomita 72, sai filin lantarkin ciki ne kaɗai zai ceci wasu. Rage shi zuwa 1E10 kuma, rai ya zama milisakan 10, abin da ba a samu a ferobskait ɗin da aka shafa daga ruwan sinadari. Manhajar ba za ta ce uffan ba. Za ta fitar da inganci mai ban sha'awa, mai aikin ya rubuta cewa ya gano mafi kyawun yawan tabo. Ai kowa ya san ƙarancin tabo ya fi. Tambayar da take da amfani ita ce tabo nawa ake iya kaiwa da hanyar haɗin da ake da ita.

Akwai wasu ƙofofin da SCAPS ke barinsu a buɗe sai mai aiki ya rufe da kansa. Asarar da ke faruwa idan ilektiron ya koma gurbi ya fitar da haske tana farawa ne daga sifili, alhali babu semikondaktan da ya tsira daga ita. Turjiyar wayoyi da ta FTO ita ma sifili ce, alhali kowane om ɗaya a santimita murabba'i yana cin kusan kashi 2 cikin 100 na cikar lanƙwasar ƙwaya irin wannan, wato ma'aunin yadda ƙwaya ke iya ba da kwararar wuta da bolt masu yawa a lokaci ɗaya. Gilashi kuma ana ɗaukarsa kamar ba ya mayar da haske, bayan fuskarsa ta waje kaɗai tana mayar da kusan kashi 4, ban da abin da FTO ke sha. Tabon da ke kan iyaka tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa babu shi sai an saka, kuma a ƙwayoyin zamani a nan asara ta fi yawa.

Shi ya sa ya kamata kowane mai wannan aiki ya liƙa iyakokin Shockley da Queisser na 1961 kusa da kwamfutarsa. Ƙwaya mai mahaɗa ɗaya, wato mai hawa ɗaya da ke shan haske, a ƙarƙashin hasken gwaji ba ta wuce kusan kashi 33.7, shi ma sai giɓinta yana wajen 1.34 eV. Mai giɓin 1.55 eV ba ta ba da kwararar wuta fiye da kusan miliamfiya 27 a santimita murabba'i, don iyakar ɗigon hasken da take iya sha ke nan, ƙarfin turawarta kuma ba ya kaiwa bolt 1.3. Silikon iyakarsa kusan kashi 29.4. Sakamakon da ya nuna kashi 35 ko miliamfiya 32 a wannan giɓin ba sabon abu aka gano ba, kuskure ne aka shigar. Ci gaba da zana jadawali a kansa kitso ne da ƙwarƙwata.

Mahaɗa da bayan ƙwaya

Lambar da ke nuna matakin da ilektiron ke tsayawa a kowace shimfiɗa ita ma tana da haɗari, don rubuce-rubucen masana sun saɓa a kanta. Na TiO2 za ka ga 3.9, ka ga 4.0, ka ga sama da 4.2, ya danganta da yadda aka haɗa shi da yadda aka auna. Bambancin 0.3 eV kamar ba komai ba, amma shi ke yanke ko ilektiron zai tarar da ɗan tudu ko gangara a mahaɗa. Ɗan tudu, ƙasa da 0.3 eV, ba ya hana wucewa, yakan ma rage asara a iyaka. Ya haura 0.4, ya zama katanga, kwarara ta faɗi. Gangara mai zurfi kuma tana cin ƙarfin turawa idan akwai tabo a wurin. Wanda ya tsinci lambar wannan shimfiɗa daga wata takarda, ta waccan daga wata, zai iya gina katangar da babu ita, ko ya rushe wadda take nan.

Haka ƙarfen baya. Ƙarfin da ake buƙata don fitar da ilektiron daga zinare yana wajen 5.1 eV, gawayin kabon kusan 5.0, alminiyam ƙasa da 4.3. Idan ƙarfen bai dace da shimfiɗar gurbi ba, lanƙwasar sakamako, wato zanen kwarara da bolt, takan karye ta yi kamar harafin S. Danna zaɓin da ke daidaita mahaɗar kai tsaye yana ɓoye matsalar ne, bai magance ta ba. In kuwa manhajar ta tsaya ta ce lissafi ya ƙi haɗuwa, yawanci ɗayan uku ne: matakin bolt ya yi faɗi, sai a rage shi daga 0.02 zuwa 0.005, ko ana tura lissafin can gaba da inda kwarara ta koma sifili, sai a sa ya tsaya a nan, ko kuwa akwai shimfiɗar da lambobinta ba su da ma'ana. A fara gudanar da ƙwayar cikin duhu ba tare da bolt ba, a dubi zanen matakan makamashi da ido. Mafi yawan kurakurai a nan suke bayyana.

Komawa ga zafi

Canza kelbin 300 zuwa 346, wato digiri 73 ɗin nan, mataki ne na farko kawai. Littafin jagorar SCAPS ya faɗa ƙarara cewa abubuwa kaɗan ne ke bin zafi da kansu: yawan mazaunin ilektiron da na gurbi, gudunsu, da ƙarfin zafin kansa, wanda ke tashi daga milibolt 25.9 zuwa kusan 29.8. Giɓin makamashi da saurin motsi ba sa canzawa sai ka canza su da hannu. Giɓin silikon yana raguwa da kusan 0.27 meV (kashi ɗaya cikin dubu na eV) a kowane digiri, saurin motsin ilektiron ma yana raguwa. Ferobskait mai dalma da aidin kuwa giɓinsa ƙaruwa yake yi da zafi, kuma a wajen digiri 54 tsarin ginin nau'in MAPbI3 yakan sauya baki ɗaya. A Sakkwato faranti zai ƙetare wannan iyakar da hantsi ya dawo da la'asar, kusan kullum a bazara. SCAPS ba ta san da wannan sauyin ba, ba ta san ƙwayoyin aidin suna ƙaura a cikin shimfiɗar ba, ba ta kuma san tsufa ba. Ingancin da take bayarwa na ranar farko ne.

Masu haɗa sola a gari sun san sakamakon zafin ko ba su taɓa buɗe manhaja ba. Kowace ƙwayar silikon tana rasa kusan milibolt 2 a kowane digiri. Daga 25 zuwa 73 kusan bolt 0.1 ke nan. Ƙaramin faranti mai ƙwayoyi 36 da aka rubuta masa bolt 18 zai sauko wajen 14.5, batir mai bolt 12 kuma yana neman kusan 14.4 kafin ya cika. Ƙara asarar doguwar waya siririya, sai ka ji mai gida yana cewa ga rana kamar ta ƙona mutum amma batir ba ya cika. Farantin da ke rasa kashi 0.4 a kowane digiri ya yi asarar kusan kashi 19 na ƙarfinsa a wannan zafin. Kwaikwayon da zai amfani wannan mai gidan shi ne wanda ya tambayi wace irin ƙwaya ce ta fi jure digiri 70.

Hasken ma ba ɗaya ba ne. Ma'aunin AM1.5, hasken gwajin da ya zo da SCAPS, yana nufin rana ta karkata digiri 48 daga tsakiyar sama, an kuma zaɓe shi ne da yanayin Amurka. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Rana takan tsaya a tsakar ka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, ko a Disamba karkatarta da tsakar rana ba ta wuce digiri 37 ba. Da hunturu kuma hazo yakan rage hasken da ke zuwa kai tsaye, ya ƙara warwatsattse, ya sauya rabon launuka. Ga ƙwaya mai mahaɗa ɗaya wannan ragi ne kawai. Ga mai hawa biyu, ferobskait a kan silikon, inda dole kwararar sama da ta ƙasa su daidaita, sauyin launi yakan sa ɗaya ta riƙe ɗaya. Manhajar SMARTS tana iya samar da hasken da ya dace da wuri da yawan ƙura, a zuba shi a madadin wanda ya zo da SCAPS.

Idan abu ya ƙanƙance zuwa nanomita

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A wannan girman abu biyu da manhajar layi ɗaya ta dogara a kansu suna rushewa.

Na farko haske. Idan kaurin abu ya kusa tsawon zangon haske, haske yakan daina tafiya kamar kibiya ya koma hali irin na igiyar ruwa, yana karo da kansa. Misalin yana kan kowane rufi: shuɗin da ake gani a farantin silikon shafi ne na silikon naitiraid mai kaurin kusan nanomita 75, rubu'in zangon hasken nanomita 600 a cikinsa, wanda ke kashe hasken da zai koma sama. Ba don shi ba, silikon tsirara yana mayar da kusan kashi 30. A 2013 masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin sun jera sandunan semikondaktan InP masu kaurin nanomita 180, suka rufe kashi 12 kacal na fili, amma suka sami inganci 13.8, don kowace sanda tana janyo haske daga gefenta. Lissafin layi ɗaya ba zai taɓa hango wannan ba. Sai an warware lissafin Maxwell a kan raga, da hanyar da Yee ya fitar a 1966, wadda manhajojin MEEP ta kyauta da Lumerical ta kuɗi suke bi.

A nan ƙarfin kwamfuta ke shigowa. Hasken nanomita 600 yana tsukewa zuwa kusan 150 a cikin silikon, don haka idon ragar kada ya wuce nanomita 10. Akwati mai 500 da 500 da 2000, a ido mai nanomita 5, ɗakuna miliyan 4 ne, kwamfutar hannu za ta iya. Raba idon biyu, ɗakuna su zama miliyan 32, lokaci ya ninka sau 16. Dabarar ita ce a kwaikwayi sanda ɗaya tak, a gaya wa manhajar cewa gefunanta suna maimaituwa, a sa bango mai shanye haske sama da ƙasa. Sannan a gudanar da ido biyu mabambanta: in amsa ta motsa sosai, ragar ba ta isa ba.

Sanda kuma kusan duk jikinta fata ce. Ran ilektiron a cikinta kusan kaurinta ne a raba da ninki huɗu na saurin hallaka a fata. A kauri 180, fatar da ba a gyara ba mai saurin 1E5 tana ba da fikosakan 45 kacal (fikosakan kashi ɗaya ne cikin dubu na nanosakan). An gyara ta zuwa 1E3, ya zama nanosakan 4.5. Manhajar da ba ta san sanda tana da gefe ba, ba ta da inda za a saka wannan lambar.

Na biyu ilektiron kansa. Idan aka tsare shi a ɗigon da bai wuce 'yan nanomita ba, giɓin makamashi yakan buɗe. PbS, haɗin dalma da farar wuta, giɓinsa 0.41 eV ne a dunƙule, amma ɗigonsa mai faɗin kusan nanomita 3 yana kaiwa wajen 1.3 eV, daidai inda ƙwayar sola ke so. Aikin Ekimov da Brus da Bawendi a kan irin waɗannan ɗigo shi ya ba su kyautar Nobel ta 2023. Lissafin wannan sai da na Schrödinger, abin da nextnano da wasu kayan aikin dandalin nanoHUB na Jami'ar Purdue suke yi, na biyun ma a burauza yake gudana kyauta. Ana iya saka shimfiɗar ɗigo a SCAPS a matsayin abu ɗaya, amma da sharaɗi: giɓin ya fito daga awon girman ɗigon, saurin motsi kuma ya zama ƙarami ƙwarai, don ilektiron tsalle yake daga ɗigo zuwa ɗigo. Mai ɗauko giɓi daga lissafin ƙwayoyin zarra irin na manhajar Quantum ESPRESSO shi ma ya kula, hanyar da aka fi bi tana ba silikon kusan 0.6 eV, rabin gaskiya.

Tsarin da ya fi aminci a ganinmu shi ne a fara da ƙwayar da wani ya haɗa ya auna ya wallafa, a gina ta a manhaja, a yi ta gyaran tabo da turjiya har abubuwa huɗu su dace da awonsa: kwarara, ƙarfin turawa, cikar lanƙwasa, da rabon hasken da take sha a kowane launi. Dacewar inganci kaɗai ba hujja ba ce, don kuskure biyu sukan rufa wa juna asiri. Bayan haka a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ƙwayar tana da sanduna ko ramuka, a lissafa hasken a MEEP, a fitar da jadawalin inda ake samar da ilektiron, a shigar da shi manhajar lantarki.

Lambobin Sakkwato kuwa ba sai an jira kowa ba. Ma'aunin zafi mai waya da aka manna da salatif a bayan faranti zai ba da zafin ƙwaya awa bayan awa. Ƙananan faranti biyu iri ɗaya, a jere a karkata ɗaya, ana goge ɗaya kowace safiya ana barin ɗaya, a riƙa auna kwararar kowanne da mita da tsakar rana daga Nuwamba zuwa Maris. Raba kwararar mai ƙura da ta gogaggen, abin da ya fito shi za a rubuta a gurbin hasken da ke ratsa fuskar ƙwayar, inda manhajar ta saka kashi 100.